Old Trafford: a gyara tsohon gida ko a gina sabo?

Baban Zainab:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun da Manchester United ta bayyana a watan Maris na 2025 cewa tana da niyyar gina sabon filin wasa mai ɗaukar mutum 100,000 a gefen Old Trafford, maganar ba ta daina tasowa a gidajen kallo ba, sai dai galibi cikin zolaya ake yin ta, kowa yana neman abin da zai tsokani abokin hamayyarsa da shi. Ina roƙon a wannan karon mu tattauna ta a natse. An buɗe filin nan ne a ranar 19 ga Fabrairun 1910, kuma tun daga wancan lokaci shi ne gidan ƙungiyar, in ban da shekarun da yaƙi ya kore ta daga cikinsa. Matsayina shi ne bai kamata a bar shi ba. A gyara kwanon da ke yoyo, a faɗaɗa ɓangaren kudu, a ci gaba da zama inda masu horarwa Matt Busby da Alex Ferguson da ɗan wasa Bobby Charlton suka yi aikinsu, domin kuɗi suna iya gina fili mai kyau a ko'ina, amma ba su iya sayen abin da ya faru a cikin wannan filin. Wanda ke da wata fahimta ya kawo hujjarsa.

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Alhaji, na gode da ka buɗe maganar. Kafin a kai ga hukunci ya kamata a tuna cewa ita kanta United ƙaura ta yi ta zo Old Trafford. Ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa ƙungiyar a 1878 da sunan Newton Heath, ta fara wasa a North Road, daga baya ta koma Bank Street da ke unguwar Clayton, wurin da hayaƙin masana'antun da ke kewaye da shi yake damun 'yan wasa da 'yan kallo. Lokacin da bashi ya kusa kashe ta a 1902, wani attajiri mai suna John Henry Davies ya shigo da kuɗinsa, aka sauya mata suna zuwa Manchester United. Bayan ta ci gasar ƙasa a 1908 da kofin FA a 1909, sai Davies ya ga cewa Bank Street bai dace da ƙungiyar da ta kai wannan matsayi ba, ya nemi fili kusa da yankin masana'antu na Trafford Park, ya ba Archibald Leitch aikin zana ginin. Leitch ɗan Scotland ne, kuma hannunsa ya taɓa filaye da dama a Birtaniya, ciki har da Anfield da Highbury da Stamford Bridge. Abin da zai ba wasu mamaki shi ne tun a wancan lokaci mutum 100,000 aka yi niyyar filin ya ɗauka, tsadar aiki ce ta sa aka rage zuwa kimanin 80,000. Wato adadin da ake ta ambata yau tsohon buri ne da aljihu ya gaza cikawa. A wasan farko kuma Liverpool ce baƙuwa, ta ci masu gida 4 da 3.

Na-Gunners:
Malam, wannan jimlar ta ƙarshe ta isa a rubuta ta a ƙofar kowane gidan kallo. Amma ina da tambaya ta gaskiya ga Baba mai buɗe muhawara. Mu ma 'yan Arsenal mun bar filinmu na Highbury a 2006 bayan shekara casa'in da uku muna cikinsa, an mai da wurin gidajen kwana, mun koma Emirates, kuma sama ba ta faɗo ba. Mene ne ya sa naku ya fi namu tsarki? Ina ganin dai abin nan ne da ake cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Baban Zainab:
Ɗana, sama ba ta faɗo ba, amma ka tambayi manyanka shekara nawa kuka yi kuna sayar da gwanayenku domin biyan bashin ginin, kuma shekara nawa kofin Firimiya ya yi bai leƙa sabon gidan ba. Highbury bai kai ɗaukar mutum 40,000 ba, saboda haka kuna da dalilin tashi. Old Trafford kuwa yana ɗaukar sama da 74,000, kuma har yanzu babu filin wata ƙungiya a Birtaniya da ya kai shi girma. Ba matsi ne ya dame mu ba, sakaci ne.

Malamin Tarihi:
Ina so in tsaya a kan kalmar Alhaji ta farko, cewa a ci gaba da zama inda magabata suka yi aiki, domin a nan ne nake ganin hujjar take da rauni. Wane gini ne ake nufi idan an ce Old Trafford? Wanda Leitch ya gina kusan babu shi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojoji sun mai da filin ma'ajiyar kaya, kuma da yake yana maƙwabtaka da masana'antun da Jamusawa ke hari, bam ya same shi a Disambar 1940, sannan a ranar 11 ga Maris, 1941 aka yi masa mummunan ragargaza, babbar rumfar zama ta rushe. Da aka dawo wasa bayan yaƙi, United ba ta da gida, sai ta koma haya a Maine Road, filin abokiyar hamayyarta Manchester City, tana biyan fam 5,000 a shekara tare da wani kaso na kuɗin ƙofa. Ba ta dawo Old Trafford ba sai a watan Agustan 1949, inda ta ci Bolton 3 da nema. A cikin waɗannan shekarun haya ne Matt Busby, wanda ya karɓi aikin horarwa a 1945, ya gina ƙungiyarsa ta farko har ta ci kofin FA a 1948. Ko bayan an dawo, filin ba shi da fitilu, shi ya sa da United ta shiga gasar Turai a 1956 sai ta riƙa komawa Maine Road domin wasannin dare, kuma a can ta zura wa Anderlecht ƙwallo 10 ba ko ɗaya. Sai a 1957 aka sa fitilu, aka karɓi baƙuncin Real Madrid a wasan kusa da na ƙarshe, aka tashi 2 da 2.

Daga nan kuma rushewa da sake gini ba su tsaya ba. An gina sabuwar rumfar arewa domin gasar cin kofin duniya ta 1966, da rufin da babu ginshiƙan da za su tare wa mai kallo gani, tare da ɗakunan kallo na masu hali, waɗanda a lokacin sabon abu ne a ƙwallon Birtaniya. Wannan rumfar ma an rushe ta a 1995 aka gina mai hawa uku, wadda aka sa wa sunan Alex Ferguson a 2011. Stretford End, wurin da masu waƙa da ihu suke tsayuwa kafaɗa da kafaɗa, an rushe shi a 1992. Abin da ya rage daga ginin 1910 shi ne tsohuwar hanyar fitowar 'yan wasa da ke tsakiyar rumfar kudu, ita ma an daina amfani da ita tun 1993, 'yan wasa daga kusurwa suke fitowa yanzu. To idan bulo da ƙarfe ake karewa, an daɗe da sauya su.

Baban Zainab:
Malam, na yarda da duk abin da ka lissafa, amma ka lura cewa duk rushe-rushen nan a kewaye aka yi su, dandalin wasan yana nan inda yake. A kan wannan ƙasar aka yi wasan farko bayan haɗarin jirgin Munich na 6 ga Fabrairun 1958, wanda ya yi sanadin mutuwar mutum 23, takwas daga cikinsu 'yan wasa, aka haɗa yara da sabbin zuwa aka ci Sheffield Wednesday 3 da nema, takardar shirin wasan kuma aka bar gurbin sunayen 'yan United babu komai domin ba a san wa zai buga ba. Agogon tunawa da su yana manne a jikin ginin. Gidan gado ne, ana iya sake masa zaure da katanga da ɗakuna, amma ba a cewa an sauya gida sai ranar da aka kwashe kaya aka tsallaka titi.

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Da yake ina zaune a yankin Manchester, bari in kawo abin da ido yake gani, domin talabijin yana ɓoye abubuwa da yawa. Idan mutum ya sauka daga jirgin cikin gari ya biyo titin da aka sa wa sunan Matt Busby a ranar wasa, zai ratsa masu sayar da gyale da huluna da soyayyen dankali, ya tsallaka gadar da ke kan layin dogo, sannan ya fito wani fili inda mutum-mutumin Busby yake fuskantar na George Best da Denis Law da Bobby Charlton. Daga waje ginin yana da kwarjini ƙwarai, kuma ko ranar da babu wasa za ka tarar da baƙi daga Asiya da Afirka suna ɗaukar hoto, wasu sun shiga gidan adana kayan tarihi na ƙungiyar, wanda Pele ya buɗe a sabon mazauninsa a 1998. Amma idan ka shiga ciki sai labari ya sauya. Kujerun a matse suke, dogon mutum gwiwarsa tana dukan bayan kujerar gabansa har a tashi wasa, hanyoyin da ke ƙarƙashin rumfuna kuma ƙunci gare su, lokacin hutun rabin lokaci sai an yi dogon layi kafin a samu ruwan sha ko ban ɗaki. Babu kuma babban allon nuna hoto irin na sauran manyan filaye, ta yadda idan alƙalin wasa yana jiran hukuncin na'urar VAR, wanda yake gidan kallo a Gusau ya fi wanda ya biya kuɗin tikiti sanin abin da ake dubawa. Alhaji, ina girmama ra'ayinka, amma mai zama a kan kujerar ma yana da hakki.

Na-Gunners:
Hajiya, kin manta da ruwan. Ranar 12 ga Mayun 2024 da muka ci su ɗaya mai ban haushi, ana gab da tashi aka tsuge da ruwa, sai ga shi yana kwararowa daga kusurwar kwanon yana zuba a kan kujeru. A gidan kallon unguwarmu, wanda rufinsa kwano ne mai tsatsa, mai gidan ya ɗaga kai ya dubi nasa rufin, ya ce a gode wa Allah, bana mun fi Manchester. Ranar ko masu goyon bayan United sai da suka yi dariya.

Injiniya Ɗan Zariya:
Salamu alaikum. Ina ganin lokaci ya yi da za a duba abin ta fuskar aikin gini, domin ana yawan cewa a faɗaɗa ɓangaren kudu kamar abu ne mai sauƙi. Duk wanda ya dubi hoton filin daga sama zai ga ɓangarori uku sun yi tsawo, na kudu kuwa, wanda aka sa wa sunan Bobby Charlton a 2016, ya tsaya a gajarce. Ba mantuwa aka yi ba. Layin dogo ne yake wucewa dab da bayansa, bayan layin kuma gidajen jama'a ne. Rumfar 'yan kallo ba sama kawai take tafiya ba, duk hawan da aka ƙara sai ta ja da baya, saboda haka dole ginin ya haye kan layin dogo, kuma aiki a kan layin da jirage ke bi kullum yana buƙatar izini da tsauraran matakan tsaro da tsayar da zirga-zirga a wasu lokuta, waɗanda duk kuɗi ne. A wannan rumfar kuma ake da wurin zaman manyan baƙi da na 'yan jarida da na masu ɗaukar hoton talabijin, wato idan an rufe ta an taɓa jijiyar filin. A ɓangaren arewa ma akwai mashigin ruwa na Bridgewater da ya taƙaita wurin. Ƙari na ƙarshe da aka yi shi ne na 2006, lokacin da aka cike kusurwoyi biyu na arewa aka kai adadin kusan 76,000.

Abu na biyu shi ne inda ƙungiyar za ta koma yayin gyaran. Tottenham ta yi zaman haya a Wembley daga 2017 zuwa 2019, Barcelona ta koma filin Montjuic a 2023, Real Madrid kuwa ta yi sa'a wani ɓangare na aikinta ya faɗo a lokacin annobar korona, sa'ad da babu 'yan kallo, ta riƙa wasa a ƙaramin filinta na atisaye. United ba ta da wani fili a arewacin Ingila da zai ɗauki jama'arta. Ko dai ta yi shekaru tana wasa da rumfa ɗaya a rufe, tana asarar kuɗin dubban kujeru a kowane mako biyu, ko kuma ta gina sabo a gefe tana ci gaba da wasa a tsohon har a gama. Wannan lissafin ne ya rinjayi masu ƙungiyar, ba ƙin tarihi ba.

Sai Masu Gida:
Maganar Injiniya ta zaman haya ta tuna mini da abin da mu magoya bayan Kano Pillars muka ɗanɗana. Lokacin korona an mai da filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata wurin killace marasa lafiya, ƙungiyarmu ta koma filin Ahmadu Bello na Kaduna tana karɓar baƙi a can, kuma duk wanda ya san yadda baƙi suke shakkar shigowa Kano ya san abin da aka rasa. Bambancin shi ne namu filin na gwamnatin jiha ne, ita take yanke abin da za a yi da shi, ko wasa ko taro ko rantsar da gwamna. Old Trafford kuwa mallakar ƙungiyar ne. Shi ya sa nake tambaya, tun da nasu ne, kuma ƙungiyar tana cikin mafiya samun kuɗi a duniya, me ya hana a riƙa gyara shi a kai a kai har ya kai ga yoyo?

Baban Zainab:
Ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A 2005 iyalan Glazer na Amurka suka sayi ƙungiyar a kan kusan fam miliyan 790, kuma mafi yawan kuɗin rance ne da aka ɗora a wuyan ita ƙungiyar, wadda kafin zuwansu ba ta da wani bashin a-zo-a-gani. Daga nan kuɗin da ya kamata ya tafi kan kwano da kujeru ya riƙa tafiya wajen biyan kuɗin ruwa da ribar masu hannun jari. Aikin 2006 da Injiniya ya ambata ma an tsara shi ne kafin su zo. Fushin magoya baya ya kai ga a ranar 2 ga Mayun 2021 suka kutsa cikin filin har aka ɗage wasa da Liverpool. Saboda haka idan aka ce mini filin ya tsufa, sai in ce ba tsufa ba ne, ƙyale shi aka yi. Anfield ya girmi Old Trafford, a tsakiyar gidajen jama'a yake, amma Liverpool ta faɗaɗa babbar rumfarta a 2016, ta sake faɗaɗa ta ɓangaren Anfield Road, ta haura kujeru 60,000 ba tare da ta bar gida ba.

Injiniya Ɗan Zariya:
Gaskiya ne, Alhaji, sai dai Liverpool gidaje ta saya ta rushe, ba layin dogo ta haye ba, kuma daga kusan 45,000 ta tashi. Ƙara kujeru a kan ƙaramin fili ya fi sauƙi a kan warware matsalar babban gini da aka yi ta ɗora masa gini a kan gini tun 1910.

Malamin Tarihi:
Akwai wani ɓangare da ba mu taɓa ba, wato amfanin filin ga waɗanda ba ruwansu da United, kuma a ganina shi ne zai yanke hukunci fiye da son zuciyar kowa. Tun farkonsa filin na ƙasa ne kusan kamar yadda yake na ƙungiya. Shekara ɗaya da buɗe shi, a 1911, aka sake buga wasan ƙarshe na kofin FA a cikinsa, Bradford City ta ci Newcastle. A 1915 aka buga wasan ƙarshen kansa a nan, Sheffield United ta ci Chelsea 3 da nema a gaban 'yan kallon da sojoji masu kaki suka yi yawa a cikinsu saboda yaƙi. Taro mafi girma da filin ya taɓa gani, mutum 76,962, ba domin United suka zo ba, wasan kusa da na ƙarshe ne tsakanin Wolves da Grimsby a Maris ɗin 1939. A 1966 an buga wasanni uku na gasar duniya, Eusebio na Portugal ya taka leda a biyu daga ciki. A 1970 Chelsea ta ci Leeds a wasan ƙarshe da aka sake bugawa. Bayan masifar turmutsutsun filin Hillsborough ta Afrilun 1989, wadda ta ci rayukan magoya bayan Liverpool 97, a Old Trafford aka sake buga wasan da masifar ta katse, tsakanin Liverpool da Nottingham Forest, kuma rahoton mai shari'a Taylor da ya biyo baya shi ne ya tilasta wa manyan ƙungiyoyi cire wuraren tsayuwa su sa kujeru, abin da ya saukar da adadin Old Trafford zuwa kimanin 44,000 kafin a sake faɗaɗa shi. A gasar Turai ta 1996 Jamhuriyar Czech ta fitar da Faransa a nan a bugun fenareti. Lokacin da ake sake gina Wembley, tawagar Ingila ta yi wasanni da dama a nan, ciki har da na Girka a Oktoban 2001, wanda Beckham ya farke da bugun tazara a mintin ƙarshe ya kai su gasar duniya. A 2003 AC Milan ta ci Juventus a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, shi ma da fenareti bayan an tashi babu ci, sannan aka buga wasannin ƙwallo na gasar Olamfik ta 2012.

Yanzu ku dubi inda aka kwana. Birtaniya da Ireland za su karɓi gasar Turai ta 2028, kuma filin da aka zaɓa a Manchester shi ne Etihad na City, ba Old Trafford ba. Tun 2003 ba a sake kawo masa wasan ƙarshe na Zakarun Turai ba. Filin da ya shafe kusan ƙarni yana karɓar manyan baƙi ya fara zama wanda ake tsallakewa.

Maman Khalifa:
Malam ya tsallake mata, don haka bari in cike. A nan aka buɗe gasar Turai ta mata a Yulin 2022, Ingila ta ci Austriya ɗaya da nema a gaban mutum sama da 68,000, kuma a ranar iyalai ne suka cika rumfunan, iyaye da ƙananan yara mata, abin da ba a cika gani a ranakun Firimiya ba. Ƙungiyar mata ta United kuwa yawancin wasanninta a wani ƙaramin fili da ke garin Leigh take yin su, sai jefi-jefi ake kawo ta babban filin. Baya ga ƙwallon ƙafa, tun 1998 a nan ake buga wasan ƙarshe na babbar gasar zari-ruga ta Ingila kusan kowace shekara, ranar sai ka ga an zana wasu layuka daban a kan ciyawa, an kafa dogayen sanduna a madadin raga, mutanen Wigan da St Helens da Leeds sun cika unguwar. An yi damben zamani tsakanin Chris Eubank da Nigel Benn a 1993, ana yin wasan taimakon yara na Soccer Aid, mawaƙa ma sun sha cika shi, kuma a ranakun da babu wasa ana ba da hayar ɗakunan taro. Unguwar tana cin abinci da waɗannan ranaku, daga mai tasi har mai kanti.

Injiniya Ɗan Zariya:
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne zuciyar lissafin masu kuɗi. Wasannin gida na Firimiya goma sha tara ne a kaka, ko an haɗa da na kofuna da na Turai ba su cika wuce talatin ba, sauran ranakun shekara ginin yana cin kuɗin kula ne kawai. Ciyawa kuma ba ta jure taro, shi ya sa a filin da dandalinsa a kafe yake ba a iya yin manyan bukukuwa sai a 'yan makonnin hutu. Tottenham ta warware wannan da dandali mai zamewa ya shige ƙarƙashin rumfa, a samu wani na roba a ƙasansa domin wasan ƙwallon Amurka da dambe da kiɗa. Real Madrid ta yi nata mai rabuwa gida-gida a sauke shi ƙarƙashin ƙasa inda ake ba shi haske da ruwa. Amma kada a ɗauka wannan hanya ba ta da ƙaya, domin a 2024 Madrid ta dakatar da bukukuwan kiɗa a Bernabeu saboda ƙorafin maƙwabta a kan hayaniya.

Na-Gunners:
Ni dai roƙona, idan za a rushe shi a bar mana kusurwar da ɗan wasanmu Wiltord ya yi murnar cin ƙwallo a Mayun 2002, lokacin da muka ɗauki kofin Firimiya a cikin gidansu, Kanu ya yi tsalle ya haye ta kansa. Na san Baba zai tuna mini da cin 8 da 2 da suka yi mana a 2011, to na riga shi faɗa.

Baban Zainab:
Tun da ka faɗa da bakinka, ɗana, ka hutar da ni. Ni kuma ina tuna daren Fabrairun 2020 da Odion Ighalo, ɗan Najeriya na farko da ya buga wa United, ya ci Club Brugge a wannan filin, yaron da ya taso a Ajegunle yana biyan kuɗi domin ya kalli ƙungiyar a talabijin kamar yadda 'ya'yanmu suke yi. Amma bari in koma kan hujjar Injiniya, domin ita ce mai nauyi. Na ji batun layin dogo, kuma ba ni da amsar da zan ba shi. Abin da ban gamsu da shi ba shi ne kuɗin. An ce aikin zai ci kusan fam biliyan biyu, a ƙungiyar da har yanzu take ɗauke da bashin 2005, wadda tun zuwan Jim Ratcliffe, attajirin da ya sayi wani kaso na ƙungiyar a 2024, ta sallami ɗaruruwan ma'aikata ta kuma ƙara kuɗin tikiti da sunan tsuke bakin aljihu. Wa zai biya? Idan rance ne, to magoya baya ne za su biya ta hanyar tikiti, kuma tsohon da ya gaji kujerarsa a Stretford End daga mahaifinsa shi ne zai fara rasa wuri, a sayar da gurbinsa ga baƙon da zai zo sau ɗaya ya kashe kuɗi a kantin riguna. Idan kuma sunan filin za a sayar wa kamfani kamar yadda aka yi da Emirates da Etihad, to a faɗa mana tun yanzu.

Injiniya Ɗan Zariya:
A wannan gaɓar ba ni da ja, Alhaji. Zanen sabon filin da kamfanin mai zanen gine-gine Norman Foster ya nuna, mai dogayen turaku uku da wata babbar rumfa da ta lulluɓe filin da harabarsa, zane ne na talla, kuma tsakanin zane da aza harsashi akwai tafiya. Wurin da ake son ginawa ya haɗa da filin wata tashar sauke kayan jirgin ƙasa da ke bayan Stretford End, wadda ba ta ƙungiyar ba ce, sai an daidaita da masu ita a kan farashi kuma an samar musu inda za su koma. Ƙungiyar ta ce ita za ta nemo kuɗin ginin filin, amma tana sa ran hukuma ta ɗauki nauyin hanyoyi da sufuri da raya unguwar, kuma wannan ma magana ce da masu biyan haraji a can za su sa wa ido. Ko da komai ya tafi daidai, shekarun ginin United a tsohon filin za ta yi su, saboda haka gyaran kwano da magudanan ruwa ba abu ne da za a jingine ana jiran sabon gida ba.

Maman Khalifa:
Akwai kuma batun waɗanda ke zaune a titunan da ke kewaye. Yanzu da mutum 74,000, idan an tashi wasa sai an daɗe a layin jirgin cikin gari, 'yan sanda suna tare hanya suna sakin mutane kashi-kashi, ƙaramar tashar jirgin ƙasa da ke manne da rumfar kudu kuma an daɗe da daina amfani da ita saboda dalilan tsaro. Injiniya, idan an ƙara wasu 26,000 a kan wannan, ta wace hanya za su koma gida da ƙarfe goma na dare?